Bashin labari: wanda ya ce “ga ta nan” shi ke da faɗin “ƙurunƙus”

 Yau mun ajiye maganar farashin gero da canjin naira da sefa da ta duwan, ko da yake in kun yi haƙuri za ku ga zancen ya zagayo ya faɗo cikin rumfunanku. Maganar bashi ce, amma irin bashin da ba a rubuta shi a littafin kanti, ba a kai ƙararsa gaban sarkin kasuwa, alhali mai binsa da shi yake kwana da shi yake tashi.

Abin da ya tayar da zancen shi ne, ran kasuwar da ta wuce mun tsaya rumfar wani matashi mai cajin salula da tura wa mutane fina-finai a waya. Yaron ya yi lakwal daidai gwargwado, yana karanta Faransanci. Muna cikin gaisawa sai ya ce, “Kawu, ku da kuke jin labaran duniya, wai mutumin nan ya fitar da littafin kuwa?” Muka ce wane mutum? Ya ce Martin. Muka ce bai fitar ba. Ya ja tsaki, ya ce shi fa tun yana ɗan makaranta wani yayansa da ke karatu a Yamai ya kawo masa littattafan, ya karance su tas, ga shi yau ya yi aure har da ƴa, amma mutumin da aka soke da wuƙa a ƙarshen littafi na biyar yana nan kwance cikin ƙanƙara, ba a ce ya mutu ba, ba a ce ya tashi ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, George R. R. Martin marubuci ne ɗan Amurka, an haife shi a 1948. A 1991 ya fara rubuta wani dogon labarin almara mai suna A Song of Ice and Fire, wato waƙar ƙanƙara da wuta, wanda masu karatun Faransanci suka sani da Le Trône de fer, kujerar mulki ta ƙarfe. Labarin gidajen sarauta ne da ke yaƙar juna a kan gadon mulki, a wata ƙasa da babu ita a taswira, inda hunturu kan yi shekaru bai kau ba. Akwai dodanni masu fuka-fuki da ke aman wuta, akwai matsafa, akwai wata katangar ƙanƙara mai tsawon ƙafa 700 a can arewa, wadda bayanta matattu ke tashi suna haɗa runduna. Sarakuna na can kudu suna cin amanar juna a kan kujera, ba mai waiwayar abin da ke tahowa. An ce ya ɗebo wani abu daga yaƙin basasar gidajen sarautar Ingila na ƙarni na 15, tsakanin gidan York da gidan Lancaster. Duk wanda ya taso da sauraren labaran sadaukai da aljanu da ƴaƴan sarki masu neman sarautar ubansu ba zai ji baƙunta a ciki ba, sai dai shi wannan marubuci ba ya jin tausayin jarumansa: wanda ka ɗora wa rai yau, gobe ka ji an sare masa kai.

To, ku duba yadda littattafan suka riƙa fitowa. Na ɗaya a 1996, na biyu a 1998, na uku a 2000. Sai na huɗu ya jira har 2005, na biyar har watan Yuli na 2011. Shekara 2, shekara 2, sai 5, sai 6, daga nan sai shiru. Da farko littafi uku ya yi niyya, labarin ya yi ta yaɗo har ya ce bakwai za su zama. Na shidan, The Winds of Winter, iskar hunturu, shi ake jira fiye da shekara 13. Kuma ko ya fito gobe, ba a gama ba, domin na bakwai, A Dream of Spring, wato mafarkin ranar da hunturu zai kau, shi ne cikamakin, yana can bayan na shida kamar ƙauyen da sai ka wuce wani ƙauye kake hango shi. Masu buga fassarar Faransanci kuwa sun ƙara wa miya gishiri, suka tsinka littattafan nan biyar zuwa ƙanana 15. Wanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya buɗe aljihu sau 15, kuma har yanzu bai ji ƙarshe ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ba a ce mutumin bai yi alkawari ba. A farkon 2016 shi da kansa ya rubuta cewa an ba shi wa'adin ƙarshen 2015 bai cika ba, ya kuma nuna bai ji daɗi ba. A 2019 ya yi raha cewa in bai gama ba kafin taron marubutan almara na 2020 a ƙasar New Zealand, ya yarda a kulle shi a wata bukka a tsibiri har sai ya gama. Annobar korona ta zo, taron bai yiwu ido da ido ba, ba wanda ya kulle kowa. A ƙarshen 2022 ya ce ya rubuta shafi wajen 1,100 zuwa 1,200, saura wajen 400 zuwa 500. Kowane ɗan kasuwa ya san irin wannan magana. Ita ce “kayan suna hanya”, ita ce “direba ya taso”, ita ce “ka dawo kasuwa mai zuwa”.

Me ya tsayar da shi? Ba talauci ba ne, wannan kam a cire. An sayar da littattafan fiye da miliyan 90, kamfanin talabijin na HBO ya mayar da su fim mai dogon zango daga 2011 zuwa 2019, duniya ta kalla. A fahimtarmu abu biyu ne. Na farko yadda yake aiki. Shi da bakinsa ya sha faɗi cewa marubuta iri biyu ne, akwai magini wanda ke zana gida tun daga tushe har rufi kafin ya aza tubali, akwai mai lambu wanda ke jefa iri ya zuba ruwa ya ga abin da zai tsiro, kuma shi mai lambu ne. To kabewa in ta samu taki ba ta tambayar iyakar gona. A littafi na farko mutum 8 ne muke ganin labarin ta idonsu. A na biyar sun ninka. Kowane yana wata nahiya, kowane da rundunarsa da asirinsa da bashin jinin da yake bi. Ku ɗauka kamar mai kaya ne ya saki manyan motoci 16, wata ta bi ta Gaya, wata ta Ƙonni, wata ta Ɗan Isa, wata ta Magarya, wata ma ta ɓace a daji, sa'an nan aka ce dole duka su shigo kasuwa ɗaya rana ɗaya sa'a ɗaya, kuma kada mai kallo ya ga alamar an tilasta musu. Sakin motocin ba wuya. Tattaro su ne aikin.

Na biyu kuwa, arziki ya buɗe masa ƙofofi da yawa. A 2018 ya fitar da Fire & Blood, tarihin gidan sarautar masu dodanni, wanda aka yi fim ɗin House of the Dragon da shi a 2022. Ya sa hannu a wasan kwamfuta na Elden Ring, yana zuwa taruka, yana duba ayyukan talabijin. Mai jira kuwa duk abin da ya ga ya fito da sunan Martin sai zuciyarsa ta ƙara tafasa, kamar wanda ya ba tela ɗinkin salla, ya wuce ya gan shi yana ɗinka wa wasu labule.

Masu karatunsa sun rabu biyu, kuma mun saurari kowane ɓangare. Wasu na cewa marubuci ba bawan kowa ba ne. Ka ba da kuɗinka, an ba ka littafi cikakke mai bango biyu, ka karanta ka ji daɗi, ciniki ya ƙare. In ya ga dama ya rubuta na gaba, in ya ga dama ya tafi kiwon kaji. Wasu na cewa a'a, ba wanda ke sayen warin takalmi. Da an gaya mana tun farko cewa ƙafar dama kaɗai za a ba mu, da ba mu taya ba.

Mu dai muna tare da masu maganar takalmi, kuma ga dalilinmu. Littafin da aka rubuta wa “na ɗaya” a goshi, wannan kalma kanta alkawari ce. Mai sayarwa ya san ba don shafukan da ke hannu kaɗai aka saya ba, an saya ne har da abin da ke gaba, kuma da wannan ƙishirwa ya sayar da na biyu da na uku. Kuɗin da mai karatu ya ba da, wani kaso nasa kafin alƙalami ne. Malamanmu na fiƙihu sun san cinikin da ake biyan kuɗi yanzu a karɓi kaya gaba, suna kiransa salam, kuma daga cikin sharuɗansa a san kayan, a san awonsu, a san ajalinsu. Ba muna cewa littafin hira ya shiga wannan babi ba, wannan na malamai ne. Muna cewa hankalin da ya sa aka gindaya ajali shi ne hankalin da ke sa mai karatu jin an riƙe masa wani abu. Ko a dandali, kakar da ta ce “ga ta nan ga ta nanku”, yara suka amsa, ta kai gizo bakin rijiya sa'an nan ta miƙe ta shige ɗaki, ba ta ci kuɗin kowa ba, amma gobe da wuya ta tara yara.

Yanke labari a inda ya fi daɗi ba laifi ba ne, tsohuwar sana'a ce. Da ita Shaharzad ta tsira da wuyanta a Dare Dubu da Ɗaya, asuba na yi ta yi shiru, sarki ya ɗaga kisa zuwa gobe don ya ji saura. Da labari aku ya riƙa tsare Musa ɗan sarki a gida a Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, littattafai uku da suka fara fitowa a 1937. Amma ita Shaharzad kowane dare tana dawowa. Da ta yi wa sarki shiru na shekara 13, mun san abin da zai faru.

Sai dai kuma, kada mai bin bashi ya manta da mutunci. Akwai masu karatun da suka mayar da shekarun Martin da ƙibarsa abin lissafi, suna ƙirga masa kwana a bainar jama'a kamar su ke riƙe da ajalinsa. Tun a 2014 wata jarida a ƙasar Suwizalan ta tambaye shi game da masu cewa zai mutu bai gama ba, ya nuna ɓacin ransa ƙarara. Yana da gaskiya. Dattijon da ya haura 75, ya ba ka dararen hira da ba ka taɓa samun irinsu ba, ba a saka masa da leƙen likkafani. A kasuwa ma, wanda ka san yana da niyyar biya amma kaya suka tsaya masa, kana tuna masa ne, ba ka tara masa jama'a.

Kuma masu cewa ya yi sauri ya rufe labarin ko ta yaya, su tuna abin da ya faru da fim ɗin. Tun daga zango na shida a 2016 fim ya wuce littafi, masu shirya shi suka ci gaba da abin da ya tsegunta musu na ƙarshen labari da abin da suka ƙaga da kansu. Zangon ƙarshe na 2019 kashi 6 kacal aka yi, aka tattaro motocin nan da muka ce a guje, wasu aka kifar da su a hanya. Mutum fiye da miliyan 1 suka sa hannu a takardar koke ta intanet suna neman a sake shi. Wato an ba su ƙarshe, suka ce ba shi suke so ba. Sauri ya haifi nawa. Mai jira ya san wannan, shi ya sa jiran ke da ciwo: yana son a yi maza, yana kuma tsoron a yi maza.

Akwai waɗanda suka fita kunyar masu karatu, kowane ta hanyarsa. J. K. Rowling ta Ingila ta ce Harry Potter bakwai ne, ta fara a 1997, ta rufe ranar 21 ga Yuli 2007. A daren nan mutane sun yi layi a ƙofar kantunan littattafai har tsakar dare, a Amurka kaɗai aka sayar da miliyan 8.3 cikin sa'a 24. A Faransa, saboda fassara ba za ta fito ba sai Oktoba, har ƴan sanda suka kama wani yaro ɗan shekara 16 a kan fassarar da aka saka a intanet ba da izini ba. Ita magina ce, ta sha faɗi cewa tun da wuri ta rubuta babin ƙarshe ta adana.

Wanda ya fi taɓa mu shi ne Robert Jordan, shi ma ɗan Amurka, mai The Wheel of Time. Ya fara a 1990, ya kai littafi 11 a 2005, yana cewa saura ɗaya. A 2006 ya sanar cewa likitoci sun gano masa wata cuta mai wuyar magani da ta taɓa zuciya. Bai ɓoye wa kansa gaskiya ba. Ya zauna ya rubuta abin da ya iya, ya faɗi saura aka ɗauka a rikoda, ya bayyana wa iyalinsa inda kowane zare zai ƙulle. Ya rasu a Satumba 2007 yana da shekara 58. Matarsa Harriet McDougal, wadda ita ce mai tace masa rubutu tun farko, ta zaɓi wani matashin marubuci, Brandon Sanderson, ya ƙarasa. Abin ya yi yawa ga littafi ɗaya, aka yi uku, a 2009 da 2010 da 2013. Wannan shi ne mutumin da ya ji ciwo ya tsananta, ya kira magada ya ce ga wanda ke bina, ga inda kuɗin suke. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ba muna haɗa littafin ilimi da na hira ba, amma duk wanda ke zama tafsirin azumi ya san Jalalaini mutum biyu ne: Jalaluddin al-Mahalli ya rasu a 1459 bai kammala ba, almajirinsa Jalaluddin as-Suyuɗi ya cike a kan salonsa. Shi Martin ya nuna ba ya son wani ya taɓa masa labari. Haƙƙinsa ne, amma a ganinmu wanda ya ƙi wakili ya ƙara wa kansa nauyin ya gama da hannunsa.

Yanzu bari mu dawo gida, inda muka ce zancen zai faɗo cikin rumfunanku.

Shekarun baya, a gidan rediyonmu na karkara, muna da shirin karatun littafi bayan sallar isha'i. Wani mai sayar da littattafai da ke saro su daga Kano ya kawo mana wani littafin yaƙi, na ɗaya da na biyu, irin na sadaukai da matsafa da birnin aljanu. Muka fara karantawa. Ba mu taɓa ganin shiri ya karɓu haka ba. Masu shayi suna ƙara muryar rediyo, direbobin da suka kwana a tasha suna jiran a buɗe iyaka suna kewaye mota ɗaya, mata a gida suna aiko yara da saƙon a maimaita na jiya. Littafi na biyu ya ƙare jarumin yana cikin kogo, takobinsa ya karye, ƴar sarkin aljanu na tsaye a bakin kogon da mabuɗi a hannu, ba a san ko ceto ta zo yi ko kisa ba. A ƙasan shafin aka ce mu haɗu a littafi na uku.

Muka aika Kano, aka ce bai fito ba. Muka sake aikawa bayan wata biyu, haka. Masu saurare kuwa ba marubucin suka sani ba, mu suka sani. Wani dattijo mai sayar da goro ya tako har ofishinmu da sandarsa, ya ce, “Ɗana, in kun san ba ku da ƙarshensa, don me kuka tayar mana da hankali?” Ba mu da amsa, domin gaskiya ya faɗa. Wasu suka ce mu ƙaga ƙarshen da kanmu mana, wa zai sani? Muka ƙi, don labarin ba namu ba ne. A aike na uku ne direban da muka ba saƙo ya dawo da bayanin da ya sa jikinmu ya yi sanyi. Ya ce an gaya masa littafi na uku a rubuce yake, da hannu, cikin littattafan makaranta, yana ajiye. Kuɗin bugawa ne babu, domin waɗanda suka ɗebi na ɗaya da na biyu bashi ba su kawo kuɗi ba.

Kun ga bambancin. Shi na Amurka kuɗi sun yi masa yawa, labari ya ƙi ƙulluwa. Namu labari ya ƙullu, kuɗi suka ƙi dawowa. Tun daga shekarun 1980 da littattafan da ake kira adabin kasuwar Kano suka bunƙasa, akasarin marubutan su ke buga abinsu da kuɗin aljihunsu. Mutum ya tara ɗan jarinsa, ko mace ta ɗauki adashi, a kai maɗaba'a, a buga na ɗaya. Tsinka labari zuwa na ɗaya da na biyu da na uku ba don jan rai kaɗai ake yi ba. Siririn littafi shi talaka ke iya saye, kuma kuɗin na ɗaya su ne jarin na biyu, na biyu ya haifi na uku. Abin da masu bugun Faransa suka yi don riba, namu suna yi ne don kada jari ya karye. To in ɗan sari ya ɗauki kaya ya ce sai an sayar, ya haye iyaka da su, ya sayar, ya juya kuɗin cikin atamfa ko taliya ya ce sai zuwa na gaba, ai ya yanke wa labari wuya, ko bai sani ba. Sa'an nan shi ne kuma zai tsaya a rumfa yana ce wa mai saye marubutan nan ba su da alkawari. Kuma hasarar tana komowa kansa, domin na ɗaya da na biyun da suka rage masa sun zama kwantai; ba mai sayen labarin da gari ya san ba shi da ƙarshe.

Ba mu cire kanmu ba. Mu ƴan rediyo mun karanta wa dubban mutane littafin mutum, muka samu masu tallace-tallace a kan shirin, ba mu aika masa ko dala ba, ba mu ma nemi izininsa ba. Muna ce wa kanmu ai talla muke yi masa. Wataƙila haka ne ga wanda ya iya karatu yana da kuɗin saye. Ga sauran kuwa, mun ba su kayan wani kyauta. Masu ba da hayar littafi su ma sun san kwafi ɗaya kan zaga unguwa har bangonsa ya fita, marubuci kuɗin kwafi ɗaya ya gani.

Bugu da ƙari, hanya kanta ba ta taimaka ba. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 har Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar aka sake rufewa, sai a Maris 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. Wanda ke fama da yadda zai shigo da abinci ba ya tuna littafi na uku. Takarda ta yi tsada, naira ta faɗi, masu tebur ɗin littattafai da yawa suka koma sayar da caja da murfin waya. Labaran suka ƙaura cikin salula, ana sayar da su a WhatsApp shafi-shafi, ana karanta su da murya a YouTube. Sai dai tsohuwar cutar ta bi su can, har ta ƙaru. Mai karatu kan biya kuɗin shiga tun labari na shafi na biyar, wato kafin alƙalami na gaske, wani lokaci a kai tsakiya marubuci ya ɓace. Ta ɗaya gefen kuma, mutum ɗaya ya biya ya tura wa mutum hamsin, marubuciya ta ga ana karanta ta ko'ina amma ba ta ga abin sayen katin waya ba, ta ajiye alƙalami.

Don haka ga roƙonmu. Marubutanmu, ku da ba ku da matsalar motoci 16, ku gama rubuta labari kafin ku buga na ɗaya, ku kuma rubuta a bango cewa littafi kaza ne, don mai saye ya san awon abin da ya shiga. In rashin lafiya ko wata lalura ta zo, a bar wa wani amintacce bayanin yadda za a ƙare. Ƴan sari kuma, Alhazai, kuɗin littafi ba su da yawa in an gwada da na buhun shinkafa, shi ya sa ake raina su a bar su ƙarshen lissafi, amma a wurin mai su su ne jarin gaba ɗaya. Yau da ake aika kuɗi ta waya ko ta hannun direban da ke zuwa Kano kowane mako, uzurin “sai na shigo” ya ragu. Mu kuma a gidan rediyonmu tun daga wancan karo muka kafa doka: ba mu buɗe littafi a iska sai dukan sassansa suna kan tebur, kuma sai mun nemi mai shi mun yi magana. Shirin ya rasa wasu sababbin labarai masu zafi saboda wannan doka, masu saurare sun yi gunaguni, mun shanye.

Shi yaron mai cajin salula, da za mu tafi, ya ce in littafin Martin ya fito da Turanci ba zai iya jiran fassara ba, zai nemi mai jin Turanci daga Jibiya ya riƙa karanta masa yana biyansa da caji. Muka ce Allah ya kai mu. Amma namu na kusa ya fi damunmu. Dattijo mai goro ya rasu bai ji ko ƴar sarkin aljanu ta buɗe kogon ba. Na ɗaya da na biyun suna nan cikin kabad ɗin ofishinmu, mun ɗaure su da roba. Duk wanda ya saurari shirin a wancan lokaci ya san littafin da muke nufi. In Allah ya sa waninku ya shiga Kano ya ga na ukun a tebur, ko ya san inda marubucin yake, ya taimaka ya sanar da mu ta hannun wannan jarida. Za mu biya kuɗin littafin da na mota, kuma akwai tsohon haƙƙinsa na karatun da muka yi, wanda muke son mu sauke.